Taswira da Ƙofar Zaure: Tarihin Rubuta Wuraren Sha a Ƙasar Kabi

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiya ce ta kamar awa guda a mota, amma duk wanda ya bi hanyar a tsakiyar bazara ya san ba a yin ta sai da abin jiƙa maƙoshi. Tun daga tasha mutum ke fara cin karo da masu ruwan leda a cikin kula, da yara masu tallar zoɓo da kunun zaƙi, da matan Fulani da ƙwaryar nono a gindin bishiya, da teburin mai shayi wanda kan kafu da asuba, ya tashi da hantsi, ya sake dawowa bayan magariba. Wannan ciniki ya girmi kwalta, ya girmi jihar da aka ƙirƙiro a 1991, wani sashensa ma ya girmi ganuwar garuruwan biyu. Duk da haka taswirar da ke cikin wayar hannu ta fi sanin gidan mai da banki da otal. Yanzu da aka sami taswirorin haɗin gwiwa irin su OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya ɗiga wuri a kanta ya rubuta bayaninsa, sai masu wannan aiki suka shiga muhawara: idan za a sa wurin sayar da abin sha, har ina bayanin zai kai? "Shago" kawai za a ce, ko a faɗi irin abin shan, ko kuwa a jera kaya da farashi da sunan mai wurin da lambar wayarsa? Galibi ana ɗaukar wannan a matsayin matsalar tsara bayanai a kwamfuta. A ƙasar Kabi tambayar ta kai shekara 200, kuma tarihinta ya nuna inda iyaka take. Abin da mai sana'a ya fitar da kansa ya nuna wa hanya, a rubuta shi dalla-dalla gwargwadon buƙatar baƙo mai ƙishirwa. Abin da ke bayan ƙofar zaure kuwa, a bar shi a can.

Ɗaya daga cikin tsofaffin taswirorin da suka fita daga wannan yanki ita ce wadda aka zana wa Baturen nan Hugh Clapperton a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, aka buga ta a Landan a 1826. Ta nuna ƙasashe da manyan garuruwa da yadda Kwara ke gangarawa. Abin lura shi ne, sarkin da ya ba da taswirar bai sakar wa baƙon nasa hanya zuwa Yawuri da Nufe don ya je ya ga kogin da idonsa ba. Daga Sakkwato Clapperton ya juya. Wato tun a wancan lokaci masu mulki sun san bayanin wuri abu ne da ake aunawa kafin a miƙa. Su kuwa fatake, da ke bi ta Jega su ƙetare Kwara zuwa Gwanja neman goro, taswirarsu tana cikin kan madugu da jagaba. Su suka san zangon da ke da rijiya mai ruwa har ƙarshen rani, da mashayar da jakai za su iya sauka, da garin da ake samun fura da nono da araha. Sanin wurin sha shi ne jarin madugu, da shi yake cin abinci, kuma ba kowa yake buɗe wa ba.

Wanda ya fara zuba irin wannan sani a takarda da yawa shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin tafiyarsa. Ya sauka a Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya wuce ta Birnin Kebbi a kan hanyarsa ta zuwa Say da Tambutu. Ya iske tsohon birnin, wanda mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci a 1805, ya zama kufai, sabon gari na gefensa. Ƙasar kuwa tana cikin yaƙi, domin tun 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu. Barth ya rubuta sunayen garuruwa, da nisan da ke tsakaninsu, da fadamun shinkafa, da gishirin Fogha, da kasuwanni da farashin kaya da wuri, da wuraren samun ruwa. Wanda zai ɗauka irin wannan bayani ƙaramin abu ne sai ya dubi abin da ya biyo baya. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi. A 1898 suka sake zama suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga tsakiyar Sakkwato suka ce ita ce iyaka. Da Faransawa suka zo bin abin da aka ba su, sai suka tarar hanyarsu daga Kwara zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da babu isassun rijiyoyi. Dole aka sake ciniki a 1904 da 1906, aka turo jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Iyakar da ta bar Kangiwa a Najeriya ta bar Dogon Dutsi a Nijar, ta raba Argungu da abokan yaƙinta na Arewa da Zabarma da Dandi, lissafin inda ayari zai sha ruwa yana cikin abubuwan da suka lanƙwasa ta.

A shekarar 1890 ɗin nan dai aka zana wata taswirar, wadda ita kai tsaye ta abin sha ce. Yarjejeniyar Brussels ta ware faɗin Afirka daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, ta ce a yankunan da shan barasa mai ƙarfi bai yaɗu ba, saboda addini ko wani dalili, a hana shigo da ita. Gwamna Lugga ya riƙe wannan hujja da hannu biyu, domin ta dace da alkawarin da ya yi wa sarakuna na rashin taɓa addini. Dokar barasa ta 1917 ta kasa Najeriya gida uku, lardunan Arewa suka faɗa cikin yankin haramci, inda ba a yarda a sayar wa ɗan ƙasa barasa mai ƙarfi ba, alhali Bature na shan abinsa da izini. Giyar gida irin burkutu, wadda al'ummun da ba Musulmi ba suke dafawa da dawa a wurare kamar ƙasar Zuru, aka bar ta ƙarƙashin wasu ƙa'idoji dabam. Daga nan shan giya a Arewa ya zama batun wuri da takarda: kulob ɗin Turawa, kantin mai lasisi, bariki, Sabon Gari. Masanin tarihi Simon Heap ya nuna yadda haramcin ya yi ta yoyo, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ana fasa-ƙwaurin kwalabe daga Kudu. Rajistar gwamnati ta ƙunshi wuraren da aka halatta kaɗai, sauran kuwa suka koyi ɓuya. Tun daga lokacin aka sami taswira biyu a kowane babban gari, ta ofis da ta raɗa, kuma babu dokar da ta zo daga baya da ta haɗe su.

Ga masu halattaccen abin sha kuma, alƙalamin Bature ya zo da wata fuskar. Bayan da Argungu ta karɓi Turawa a 1902 zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, Sakkwato ta faɗi a 1903, sai aka shiga aikin ƙiyasin haraji. Jami'i kan bi gunduma gari-gari tare da malaman En'e, yana ƙidaya mutane da gonaki da dabbobi, yana ƙiyasta abin da masaƙi da marini da mahauci da masunci ke samu a shekara. Daga irin waɗannan rahotanni aka tsamo littafin bayanin Lardin Sakkwato da E. J. Arnett ya fitar a 1920, kuma daga irin wannan zama da mutane P. G. Harris ya rubuta nazarinsa kan masuntan Kabi a 1942. Masu bincike na amfana da su har gobe. Amma talaka ya karanta darasin ta wata fuska: duk abin da aka rubuta, kuɗi za a nema a kansa. Bafulatanin da ke kora shanu daji idan lokacin jangali ya kama ba jahilci ke damunsa ba, lissafi yake yi. Saboda haka idan yau saurayi ya tsaya gaban rumfar mai shayi a unguwar Badariya ko Tudun Wada yana latsa waya yana tambayar kwalin madara nawa ake sayarwa a rana, mai rumfar ya ɗaure fuska, ba shi da laifi. Kakanninsa sun ga mai tambaya irin wannan, kuma masu yankan rasit na ƙaramar hukuma ba su daina yawo ba.

Akwai kuma abin da duk waɗannan rubuce-rubuce suka tsallake, wanda shi ne mafi girman kaso na cinikin. Jerin alamun da taswirar intanet ke amfani da su an gina shi ne a ƙasashen da sayar da abin sha ke nufin ɗaki mai ƙofa da allo da lokacin buɗewa: kantin lemo, kantin barasa, gidan shan gahawa, mashaya. A ƙasar Hausa furar da gari ke sha ana kirɓa ta ne a tsakar gida, kunu da koko da zoɓo a madafar matar aure ake haɗa su, yarinya ta ɗauka a kai ta fita talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969, ta nuna yawan hatsi da abinci da ke sauya hannu ba tare da sun taka kasuwa ba. Enid Schildkrout ta bi sawun yaran talla a Kano a shekarun 1970 ta nuna su ne ƙafafun matan da ke kulle. Kowa a unguwa ya san gidan da furarsa ta fi laushi, baƙo ma idan ya tambaya yaro zai raka shi har ƙofa, domin matambayi ba ya ɓata. Sai dai kwatancen baki yana da mai gadi. Wanda aka tambaya yana duban mai tambayar, ya auna shi, in bai kwanta masa ba ya ce bai sani ba. Kuma ko an raka baƙo, a zaure zai tsaya a aika yaro ciki. Gidaje da yawa ma an rubuta "ba shiga" a bango. Ɗigon da ke kan taswira ba ya duban fuskar kowa. Wanda ya ɗiga gidan matar aure ya rubuta ana sayar da fura a nan, da sunanta, da lokacin da take gamawa, ya cire mai gadin nan ba tare da ya shawarci ita ko mijinta ba.

Malaman da suka kafa Gwandu da Sakkwato sun gaji ƙa'ida a kan wannan iyaka tun kafin a san wata aba wai ita intanet. Daular tana da muhtasibi mai lura da kasuwa da mudu da ɗabi'un jama'a, kuma littattafan da shugabanninta ke kafa hujja da su, irin na Mawardi wanda ya rasu a 1058 da na Gazali wanda ya rasu a 1111, sun gindaya wa aikin sharaɗi: abin ƙin da za a hana sai ya kasance a bayyane, ba wanda aka tono ta hanyar leƙe da bin diddigi ba. A nan ne ake kawo ruwayar Sayyidina Umar da ya haura katanga ya iske mutum cikin saɓo, mutumin ya tuna masa cewa shi ma ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba. Umar ya ƙyale shi bisa sharaɗin tuba. Masu OpenStreetMap, daga wata duniya dabam kuma da wani dalili dabam, sun kai ga ƙa'ida mai kama da wannan. A wurinsu abin da ya cancanci shiga taswira shi ne wanda wani zai iya zuwa wurin ya gani ya tabbatar. Su gaskiyar bayani suke karewa, gani ya kori ji. Malaman hisba kuwa mutuncin gida suke karewa. Amma layin da suka ja ɗaya ne, kuma ya faɗa daidai kan dokin ƙofa. Allon shago, da firjin da ke fuskantar titi, da teburin da aka kafa a bakin tasha, da inuwar da masu nono suka saba zama a kasuwa, duk masu su ne suka fitar da su don a gani.

Wani zai ce, to tunda abin da haɗari, a taƙaita mana, a rubuta "shago" a wuce. Wannan ma kuskure ne, kuma hujjar tana cikin shekarar da Barth ya sake ratsa Gwandu a kan hanyarsa ta dawowa. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan ta kashe sama da mutum 600. Likita John Snow ya ɗiga gidajen mamatan a taswira tare da famfunan unguwar, ya ga sun taru a kewayen famfon titin Broad. Abin da ya ƙarfafa hujjarsa shi ne wuraren da cutar ta tsallake: wani gidan gajiyayyu mai rijiyarsa, da wata masana'antar giya wadda ma'aikatanta ba sa shan ruwan famfon. Da ya rubuta "gini" da "gini" kawai, da bai gano komai ba. A kwarin Rima, inda ambaliya kan haɗa ruwan gulbi da na rijiya da na masai, wannan ba labarin nesa ba ne. A 2021 an sami sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, Kebbi na cikin jihohin da ta taɓa. Ga ma'aikacin lafiya, akwai tazara mai nisa tsakanin shagon da ke sayar da ruwan leda mai lambar NAFDAC, da rumfar da ake ƙulla zoɓo da hannu, da wurin da 'yan ga-ruwa ke cika jarkoki. Mun kuma ga amfanin cikakkiyar taswira a yaƙin shan inna: daga 2012 aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana garuruwa da rugage a jihohin Arewa, aka gano ƙauyukan da taswirar hannu ta manta da su, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020. Don haka irin abin shan, da ko na kamfani ne ko haɗin hannu, da ko akwai wurin zama, da inda ruwan ke fitowa in a fili yake, bayanai ne da suka cancanci wahalar rubutawa.

Inda gardama ta fi zafi shi ne giya. Tun da Jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, sayar da giya ya ƙara komawa gefe: wasu otal-otal, kasuwannin bariki, da yankunan da ba Musulmi ne suka fi yawa ba. Mutane biyu za su ja da ni a nan, kowa ta nasa ɓangaren. Na farko zai ce kada a sa mashaya a taswira sam, domin nuna hanya ne zuwa ga saɓo. Amma mai neman giya a garinsu bai taɓa buƙatar taswira ba. Wanda ke buƙatarta shi ne baƙon da ya zo da iyalinsa kallon gasar kamun kifi ta Argungu, yana neman inda za su zauna su sha lemo, wanda in an lulluɓe mashaya da sunan "wurin shan abin sanyi" zai kai matarsa da 'ya'yansa inda ba ya so. Wurin da ya kafa allo yana sayar da giya a fili, gaskiya ita ce a rubuta shi da abin da yake sayarwa, kuma wannan bambanci, akwai giya ko babu, ya fi kowane bayani muhimmanci a gari irin Birnin Kebbi. Na biyu zai ce akasin haka: a tono har na ɓoye a ɗiga, don Hisba ta san inda za ta dosa. An taɓa gwada taswira a matsayin makami irin wannan. A 1883 masu yaƙi da shan giya a Oxford suka buga taswirar garin da jajayen alamu sama da 300, don su matsa wa alƙalai su daina sabunta lasisi. Alamun sun yi cincirindo a unguwannin talakawa, rumbunan giyar kwalejojin jami'a kuwa ba su fito ba. Haka irin wannan aiki yakan ƙare, kamar yadda dokar 1917 ta ƙyale kulob ta bi ɗan ƙasa. Mai babban otal yana da lauya; matar da ke dafa burkutu a bayan gida a ƙauye ba ta da kowa. Ƙari a kan haka, wanda ya ɗiga ɓoyayyen wuri da ji ya yi aiki, ba da gani ba, kuma babu abin da zai hana maƙiyi ya ɗiga gidan maƙwabcinsa. Hukuma tana da hanyarta ta karɓar ƙara da bincike da shaidu. Taswira ba ta da ko ɗaya, ga shi kuma OpenStreetMap na adana tarihin duk gyaran da aka yi, ta yadda ƙazafin da aka goge daga fuskar taswira yana nan a ƙasa ga mai tonawa.

Hujjar da ta fi jan hankalina ita ce ta masanin tarihi, domin daga cikin abin da na kawo a sama take fitowa. Zai ce: ba don Barth ya rubuta ƙananan abubuwa ba, har da wuri nawa ake sayen kaza, da me za mu san kasuwannin Kabi na 1853? Me zai hana mu bar wa na baya jerin duk abin da ke cikin firjin mai shago, da farashinsa? Amsar ita ce Barth littafin tafiya ya rubuta, kowane bayani da ranarsa a kansa, mai karatu ya san labarin jiya yake karantawa. Taswira kuwa da bakin yau take magana. Idan ta ce ana sayar da abu kaza a wuri kaza, cewa take yi yanzu haka in ka je za ka samu. Jerin sunayen lemo da farashi bayani ne mai saurin lalacewa kamar nonon da aka bari a rana, balle tun daga 2023 da darajar naira ta zube, farashin ledar ruwa ma ya daina zama wuri guda. Kuma kowane bayani da aka ƙara bashi ne a kan wanda zai zo ya duba ko har yanzu haka ne. A manyan biranen Jamus akwai masu sa-kai da yawa da ke zagaya tituna suna gyara. A kwarin Rima, yawancin abin da ke kan taswira daga nesa aka zana shi, daga hoton sama, wanda ke nuna rufin kwano amma ba ya nuna abin da ake sayarwa a ƙarƙashinsa. Mutanen da za su taka su duba kaɗan ne, bai kamata a ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba. Wanda ke son adana farashin shayi na bana saboda jikoki, aiki ne mai kyau, amma littafi ko rahoto ne mazauninsa.

Ga kuma yanayin ƙasar kanta, wadda cinikinta ke tafiya da ruwa. Da rani, idan aikin shinkafa ya kankama a fadama, masu kunu da fura kan bi ma'aikata har bakin gona. Damina na sauka gulbi ya cika, wuraren su koma ƙarƙashin ruwa. Da azumi teburan shayi na safe sukan ɓace, masu ƙanƙara da kunun tsamiya su mamaye bakin titi da la'asar. Matan Fulani na bin ranakun kasuwa, suna kuma bin inda shanu suka koma. A irin wannan ƙasa abin da ke dawwama shi ne matsayar, ba mai tsayawa ba: inuwar masu nono a kasuwa, layin masu shayi a tasha. Ita ya kamata a ɗiga, a faɗi abin da ake samu da lokacin da ake samunsa, a bar sunayen mutane da lambobin wayarsu sai wanda ya rubuta nasa a allo da hannunsa. A zamanin da 'yan bindiga ke neman bayanin wanda ke kwana a waje da wanda ke riƙe da kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gasar kamun kifi ta Argungu ta isa misali a kan bayani guda da ake yawan mantawa. An faro ta a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, UNESCO kuma ta sa ta cikin jerin al'adun duniya a 2016. A 'yan kwanakin bikin bakin gulbin Matan Fada kan cika da rumfunan abinci da abin sha, a watse a bar fili. Bayan bikin 2009 ba a sake yi ba sai Maris na 2020. Da wani mai ƙwazo ya ɗiga waɗannan rumfuna ɗaya bayan ɗaya a 2009 a matsayin shaguna, da taswira ta fi shekara goma tana tura masu ƙishirwa bakin gulbin da babu kowa. Tsarin taswirar yana da gurbin rubuta ranar da aka je aka duba wuri, yana kuma da gurbin nuna cewa abu na lokaci-lokaci ne. Ga rumfar Matan Fada, da teburin tashar Birnin Kebbi, da inuwar masu nono a kasuwar Argungu, waɗannan gurabe biyu sun fi jerin sunayen lemo ashirin amfani, kuma cika su ba ya buƙatar a tambayi mai sana'a komai.